Yatsu Goma da Kwamfuta Ta Ƙi Gani

Ni na karanta saƙon, kuma da taƙama na karanta shi. Na haura arba'in kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci a nan Mafara, kuma ba son ilimi ne ya kai ni ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Gajiya na yi da miƙa wa matar ɗana waya ta karanta mini abin da ba ita aka aiko wa ba, tana karantawa tana taɓe baki. Shekara uku na yi a kan benci. Da na fito, takarda ba ta gitta gabana ta tsira, ko da ta ƙunshin tsire ce. Saboda haka ranar da wayar yayata ta yi ƙara ta miƙo mini, sai da na gyara ɗaurin kallabi, na yi gyaran murya.

Kamfanin layi ne. Da Hausa suka rubuto, Hausar Kano, amma na gane. Wai duk wanda bai haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa ba za a rufe masa, kuma sun yanka rana. Na lissafa, saura kwana goma sha biyu. Yaya ba ta da wannan lamba, ba ta ma taɓa jin ana yin ta ba.

"A ruhe mana," ta ce, ba ta ɗago daga ɓarar gyaɗar iri da take yi ba. "Wa ka kira na?"

Shekara takwas Yaya ta ba ni. Aure ya kai ta wani ƙauye a gefen Faru, ƙasar Maradun, can ta yi rayuwarta, can ta binne miji. Da 'yan bindiga suka hana noma, suka hana kwanan ɗaki, ƙauyen ya watse. Ta iso gidana a bayan babur da ƙullin kaya ɗaya, da tukunyar ƙarfe, da wata ƙaramar waya mai tocila wadda aka naɗe da roba don kada murfin bayanta ya faɗi.

Mutum ɗaya ke kiran wayar, ɗanta na fari. Ya tafi kudu neman abin kansa shekara huɗu ke nan, da rantsuwar ba zai dawo hannu biyu ba. Ba shi da waya tsayayya. Yau ya ari ta wannan, bayan wata uku ya ari ta wancan, ya kira, ya ji lafiya, ya kashe. In ka bi lambar sai wani ya ɗauka da yaren da ba ka sani ba. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta uwarsa. Kuma kiransa na ƙarshe tun suna ƙauye ne, bai san sun tashi ba. To mutumin da ke jin labarin abin da ake yi a yankinmu, in ya kira ya ji layin uwarsa a rufe, me zai ce wa kansa?

Ni na san haka, ita ma ta sani, amma ba za ta faɗa ba. Ɗan fari ne, ita kuwa 'yar da ce. Tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita bakinta ba, sai dai "wancan". In ana zancensa tashi take yi ta ba mutane wuri. Amma matar da ke jin nauyin roƙon gishiri a gidana, duk bayan kwana biyu da ƙafarta take zuwa wurin mai caji, ta zauna a dakali har wayar ta cika. Ba ta barin ta a can ta dawo.

Na ce mata za mu je a yi mata lambar. Ta ce in na ga dama.

Ga inda na sa hannuna. A garin nan matan da suka gudo daga ƙauyuka tun daga nesa ake gane su, zane ɗaya, ƙafa duk faso, ido a ƙasa. Na sha ganin yadda ake daka musu tsawa a layin asibiti, wanda bai kai ɗan cikinsu ba ya ce musu "ke, matsa can". Na ce ba dai ɗiyar ubana ba. Sannan an ce har da hoto za a ɗauka, a wurinmu kuwa mace ba ta zuwa ɗaukar hoto da farin hannu kamar mai takaba. Na sayo lalle na daka da kaina, na tankaɗe, na kwaɓa. Na aro zunguru biyu, dogayen ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki, na ƙunsa mata tun hantsi har la'asar. Washegari na maimaita. Rana ta uku na bi da gishirin lalle da toka, hannu ya yi baƙi siɗik har kan farce, yana sheƙi. Na fiddo atamfata ta Sallah da mayafi.

"Aure za ki yi man?" ta ce.

"In an taya, mi za a hwasa?"

Kwana uku ke nan na cinye daga cikin goma sha biyu, ina yi wa gwamnati kwalliya.

Mai yin rajistar ba baƙo ba ne, ɗan kawunmu ne, taubashinmu. Shekara hamsin muna gardamar wane ne bawan wani, ba a raba ba. Da can gyaran rediyo yake yi, ya koma waya, da aka fara ba masu shaguna aikin rajista ya samu. Ya sa kwamfuta a kan tebur, ya ɗora ta bisa bulo biyu don ta sha iska, ya kafa farin ƙyalle a bango. Yana da ciwo ɗaya, karanta labaran kwamfutoci a waya. Wace aka ƙera, wace aka yi wa kutse, wace manhaja ta tsufa. Ko tambayar hanya ka tsaya yi sai ya ba ka labari ɗaya ka tafi da shi.

Ranar Litinin muka je, don mu riga cinkoson kasuwar Talata. Aka gaisa yadda ya kamata, gida, iyali, zafi, ya yi wa Yaya jajen ƙauye ta ce sai godiya. Sannan ya juyo kaina.

"Farfesa, yau mi munka samu? Ko kin zo duba man rubutu?"

"Na zo in ga ko kwamfutar ma ka kashe ta, yadda ka kashe rediyon rabin gari."

Ya dubi Yaya sama da ƙasa. "Yaya babba, wanga ado hwa? In aika a sawo goro?"

"Bawa ba shi neman uwargijiyatai," ta ce. "Yi abin da ya kawo mu."

Ya tambayi suna, ya tambayi gari, ya ƙiyasta mata shekaru da yunwar da ta ce ta tuna. Aka ɗauki hoto, ta fito kamar matar hakimi. Na dubi matan da ke jiran layi a benci don in tabbatar sun gani.

Sai ya turo wani ɗan baƙin akwati mai gilashi a sama, faɗin tafin hannu, yana ba da koren haske. A fuskar kwamfuta akwai gurabe goma, kowane yatsa da nasa. In na'urar ta karɓa gurbin ya yi kore, in ta ƙi ya yi ja. Yaya ta ɗora yatsu huɗu na dama. Ja. Ya goge gilashin da gefen rigarsa, ta sake. Ja. Ya ce ta shafa goshinta ta samo maiƙo. Ja. Aka koma hagu, aka gwada manyan yatsu. Gurbi goma, babu wanda ya yi ko ruwan kore.

Ya ce ta juyo tafin hannun. Ya daɗe yana kallo.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni," na ce. "Da magana?"

"Aiki ya yi kyau. Na'urar ga dai ba ta san amarya ba. Haske ta ka jehwawa ta ɗauki zanen da Allah yay yi ma yatsa. Ke kin zo kin shahe nashi da naki."

Na ce injinsa ne na gwangwan, ya je ya sayo na kirki. Na ce mata nawa ke yin lalle a ƙasar nan, duk sai a ce ba 'yan ƙasa ba ne? Bai yi musu ba, ya ce in kawo nawa hannun. Ni ban yi ƙunshi ba, don ina hidimar na Yaya ban samu zama ba. Ina ɗorawa, kafin in gama danna gilashin, gurabe huɗu suka yi kore shar. Wata tsohuwa a benci ta ce, "Allah sarki."

Na tambaye shi sai yaushe. Ya ce sai lallen ya sake ta, mako uku ko fiye. Kwana tara ya rage mana.

Mai hankali da ya yi kuskure sai ya zauna ya yi tunani. Ni ban zauna ba. Abin da hannu ya sa, na ce, hannu zai cire. Na yanko lemun tsami na murza mata. Na jiƙa kanwa. Na kaɗa garin sabulu a ruwan ɗumi ta tsoma hannu har fata ta yi yaushi. Wata maƙwabciya ta ce kananzir, na gwada. Da na ga abin yana tafiyar hawainiya, sai na ɗauko dutsen goge kaushi. Safe da yamma nake zaunar da ita a tabarma, in kama yatsa ɗaya bayan ɗaya in yi ta gurza kamar mai wankin gindin tukunya. Na san da zafi, don lemun tsami na shiga tsaga. Ba ta taɓa janye hannu ba. Matar da ta ce a rufe mana, wa ke kiran ta, ita ce ke riga ni shimfiɗa tabarmar, ta ajiye dutsen a gefe, ta kau da kai tana kallon kaji.

Kwana biyar, baƙin ya koma ruwan goro. Na ce alhamdu lillahi, ilimi ya yi rana. Muka koma, wannan karon ma da atamfar.

Ja. Goma duka.

Taubashina ya jawo aljihun tebur ya ɗauko madubin ƙara girma da yake duba cikin waya da shi. Ya duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini ya ce in gani da idona. Na duba. Kan yatsan Yaya sumul yake kamar gindin kwalba, sai 'yan tsage-tsage. Na duba nawa, ga zane nan zagaye-zagaye kamar kunyar gona.

"Dama hauya da taɓarya sun ci rabi," ya ce. "Ke kin cinye sauran. Farko kin yi fenti, yanzu kin yi shara." Ya jingina da kujera, na san labari zai zo. "Kin san jiya-jiyan ga na karanta, can wata ƙasa ɓarayi na wahala, su bi mutum har ya aje kofi, su kwashe zanen yatsanai da danƙo su buɗe wayatai. Su suna neman yadda za su samu, ke kin gano yadda a ka ɓatarwa. Da sun san da ke da sun ɗauke ki aiki."

"Ka gama?"

"Saura kaɗan. Lambar sirri in ta ɓace sai a sake wata. Yatsa ba a sake shi, sai dai a jira hwata ta tsiro. Wata guda, in ba ki sake taimaka mata ba."

Na ce to a haɗa layin da tawa lambar, ai ni na'urar ta san ni. Ya ce layin da sunan Yaya aka yanke shi, kafin ya koma nawa sai an je babban ofis a Gusau mai layin ta tabbatar ita ce. Na ce da me za ta tabbatar? Ya nuna ɗan akwatin da leɓe.

Ya sosa gemu, ya ce akwai hanya ɗaya, amma in yi alkawarin ba zan fasa masa kwamfuta ba. A cikin manhajar akwai gurbin da aka ware wa waɗanda ba su da yatsu, kutare, da wanda injin niƙa ya ci wa hannu, da wanda aka haifa haka. Wanda nasa suke nan amma ba su kamuwa, shi ma nan ake sa shi, gurbin ɗaya ne. Zai danna a kan kowane yatsa, ya ɗauki hoton hannuwan, ya tura sama, su can su duba su yanke.

"Mi za a rubuta?" na ce.

"Babu."

"Babu mi?"

"Babu yatsa. Sau goma."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da matar nan, kuma a zuriyarmu ba a taɓa yin kuturu ba, shi ma ya sani tunda jininsa ne. Na ce takardar gwamnati ba ta mutuwa, jikokinta za su zo su ishe an rubuta kakarsu dungu ce. Na ce na kawo ta nan da mutuncinta, da shi za ta koma. Na faɗi wasu abubuwan game da rediyo da ba sai na rubuta ba. Matan benci suka daina hirarsu suka gyara zama. Duk abin da na yi kwana takwas ina gudu, a taru ana kallon yayata, ni na tara mata shi da bakina.

"Rubuta," in ji Yaya.

Ba ta ɗaga murya ba. Na juya na ce, "Yaya, kin ji abin da yac ce kuwa?"

"Na ji. Ke kin yi naki, har sau biyu. Zamna." Na zauna. Ta dubi taubashinmu. "Rubuta, bawa. Hannun ga ya yi noma shekara arba'in gwamnati ba ta gane shi ba. In yau ta ce babu shi, ba ta yi sabon abu ba."

Bai yi mata ba'a ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya danna sau goma, ina ƙirgawa. Ya ce ta koma jikin farin ƙyalle ta ɗaga hannuwa biyu daidai kunne, ta ware yatsu. Ta tsaya cikin atamfata ta Sallah, ta ɗaga yatsu goma cif, dogaye, masu ruwan goro, shaidar cewa ba ta da su. Ya ɗauka sau biyu don na farko ya yi duhu.

Da muka iso gida ta ninke atamfar ta ɗora mini bisa gado.

Lambar ba ta fito kafin ranar da suka yanka ba. Aka rufe layin. Kullum sai na taka shagon, kullum amsar ɗaya ce, yana sama, ba su duba ba tukuna. Na tambaye shi saman nan ina ne, in je da kaina. Ya ce ko shi bai sani ba, wata babbar kwamfuta ce a wani ɗaki mai sanyi, ba a yi mata tsawa. Yaya kuwa ba ta fasa zuwa wurin mai caji ba. Tana cika wayar da ba ta kira ba a kiran ta, ta dawo ta ɗaure a bakin zane. Ban tambaye ta ba, na fara koyon rufe baki.

Kwana goma layin ya yi a rufe. Rana ta goma sha ɗaya lambar ta fito, aka haɗa, kafin la'asar aka buɗe. Su can saman ba su tambayi komai ba. Sun ga hoton, sun yarda.

Sai da ruwa ya sauka, har an yi shuka, sannan wayar ta yi ƙara wata ranar da hantsi. Yaya tana tsince wake. Ta kwance bakin zane, ta dubi lambar da ba ta iya karantawa, ta miƙo mini.

"Amshi. Ke ka da boko."

Shi ne. Da ɗan nata ya ji muryata maimakon ta uwarsa sai ya ce, "Inna ƙarama, yaushe anka yi?" Na ce anka yi mi? Ashe ya kira har sau uku a cikin kwana goman da layin ya yi a rufe. Ya tambayi wani direba ɗan yankinmu, direban ya ce masa ƙauyen babu kowa. Ya haɗa wannan da wancan, ya sayi ƙosai ya raba sadaka, ya sa liman ya yi mata addu'a bayan sallar Juma'a. Yau ma ba da sa rai ya kira ba, ya ari waya zai kira wani, hannunsa ya danna lambar da ya saba.

Na ce masa ga ta nan zaune tana tsince wake, ta fi ni lafiya. Ban ba shi labarin lalle ba. Na kanga mata wayar a kunne, don ba ta miƙo hannu ba.

"Lahiya lau," ta ce. Ta saurara. "To." Ta sake saurarawa, ta daɗe. "To. Allah shi tsare." Ta kau da kai.

Kafin mai wayar ya karɓe abarsa na ce wa yaron ya ba ni lambar wani tsayayye da za a riƙa samun sa. Ya ce akwai mai shayin da yake kwana a rumfarsa. Na waiga, babu biro babu takarda, ni da nake da biro har uku a ɗaki. Na zaro gawayi daga murhu na rubuta a bangon madafa, yana faɗa ina rubutawa, na maimaita masa sau biyu. Daga baya na kwafe a littafina, na sa a wayata, na sa a tata. Na gaya mata an adana wuri uku, ta bango ko an goge ba komai. Ta ce ita ina ruwanta.

Da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Na fito kwashe shanya, na ishe ta ta kafa ƙusa biyu a bangon madafa, tana rataya tsohuwar tabarma daidai kan rubutun, ta danne gindinta da dutse. Na tsaya da kaya a hannu.

"Bangon ga ka zubar da ƙasa cikin abinci," ta ce. "Wuce ki kwashe kayanki."